BABI NA UKU: MATSAKAICIN MATSAKAITA A MANHAJOJIN RAHOTON KASUWANCI

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an yi bayanin hanyar da bayanan ciniki suke bi tun daga rasit ɗin da akawu ya rubuta a reshe har su isa teburin manaja a babban ofis. An nuna cewa a kowane mataki taƙaita su ake yi: cinikin yini ya koma layi ɗaya, na wata ya koma layi ɗaya, na reshe gaba ɗaya ya koma lamba ɗaya a cikin jadawali. A wannan babi za a duba wani kuskure guda da yake aukuwa a wajen wannan taƙaitawa, wato a tattara lambobin da su kansu matsakaita ne, a sake fitar da matsakaicinsu, sannan a gabatar da abin da ya fito a matsayin matsakaicin kamfani baki ɗaya. Wannan shi ake nufi da matsakaicin matsakaita a ko'ina cikin wannan nazari.

Dalilin ware masa babi guda shi ne, kuskure ne wanda ba ya nuna kansa. Idan aka raba lamba da sifili, manhaja takan yi gargaɗi nan take. Amma matsakaicin matsakaita yakan fito tsaf, da naira da kwabo, kuma kullum yana faɗawa tsakanin lamba mafi ƙanƙanta da mafi girma a jadawalin, don haka ido ba ya zargin sa. A kan irin wannan lamba ake yanke farashi, a ba ma'aikaci lada ko a hana shi, wani lokaci ma a rufe reshe. Lambobin kamfanin da za a yi amfani da su a nan misali ne da aka tsara domin bayani.

3.1 Ma'anar Matsakaici

Matsakaici shi ne abin da ake samu idan aka tara lambobi aka raba jimlarsu da yawansu. Alal misali, idan ɗan kasuwa ya sayar da buhu uku na masara a kan N40,000 da N42,000 da N44,000, jimlar kuɗin ita ce N126,000. Idan aka raba ta gida uku, za a sami N42,000. Wannan shi ne matsakaicin farashin buhu.

Abin lura a nan shi ne, abubuwa biyu ne suka haɗu suka haifar da wannan lamba: jimla da adadi. Da zarar an yi rabawar, su biyun sun ɓace, sai sakamakon kaɗai ya rage. Wanda aka miƙa wa takarda mai ɗauke da N42,000 ba shi da hanyar sanin ko buhu uku aka sayar ko dubu uku. Duk matsalar da wannan babi yake magana a kanta daga nan ta samo asali. Jimla tana taruwa da jimla, adadi yana taruwa da adadi, amma matsakaici ba ya taruwa da ɗan'uwansa sai an san yawan abin da kowannensu yake wakilta. Wannan yawa shi ake kira nauyi, matsakaicin da aka fitar tare da la'akari da shi kuwa shi ne matsakaici mai nauyi.

3.2 Yadda Kuskuren Yake Aukuwa

A ɗauka cewa akwai kamfanin da yake sayar da shinkafa, yana da rassa uku. Reshe na ɗaya sari yake yi, sauran biyun kuwa ɗai-ɗai suke sayarwa. Ga cinikinsu na wata guda:

Jadawali na 3.1
Reshe na ɗaya: buhu 900, kuɗi N54,000,000, matsakaicin farashi N60,000
Reshe na biyu: buhu 80, kuɗi N5,600,000, matsakaicin farashi N70,000
Reshe na uku: buhu 20, kuɗi N1,600,000, matsakaicin farashi N80,000

Idan mai haɗa rahoto ya dubi layin ƙarshe na tsaye kaɗai, ya tara N60,000 da N70,000 da N80,000 ya raba uku, zai sami N70,000. Amma kamfanin buhu 1,000 ya sayar, kuɗin da ya shiga aljihunsa kuma N61,200,000 ne. Ke nan matsakaicin farashin buhu na haƙiƙa N61,200 ne. Tsakanin lambobin biyu akwai ratar N8,800 a kan kowane buhu.

Domin a ga girman abin, a ƙara ɗauka cewa kowane buhu ya tsaya wa kamfanin a kan N62,000 idan an haɗa kuɗin saye da na mota da na dako. Manajan da aka kai wa N70,000 zai ɗauka cewa ana cin ribar N8,000 a kowane buhu, wato N8,000,000 a wata. Gaskiyar maganar kuwa ita ce an kashe N62,000,000 an sami N61,200,000, wato an yi faɗuwar N800,000. Manajan da ya yarda da rahoton zai iya ƙara wa reshe na ɗaya kaya, har ma ya yi wa masu sari ragi, alhali ta wannan reshe kuɗin yake zurarewa.

Me ya jawo haka? Rabawa uku da aka yi tana nufin an ba kowane reshe kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin faɗa a ji. Reshen da ya sayar da buhu 20 an daidaita shi da wanda ya sayar da 900. Ma'ana, buhu guda na reshe na uku an ƙidaya shi tamkar buhu 45 na reshe na ɗaya. Nauyin da ya dace shi ne kashi 90 cikin ɗari ga reshe na ɗaya, kashi 8 ga na biyu, kashi 2 ga na uku. Idan aka ninka kowane matsakaici da nauyinsa za a sami N54,000 da N5,600 da N1,600, jimlarsu kuma N61,200, daidai da abin da aka samu ta hanyar raba jimlar kuɗi da jimlar buhu. Hanyoyin biyu abu ɗaya ne.

Akwai inda lissafin biyu suke zuwa daidai, wato idan dukkan rassa sun sayar da adadi ɗaya, ko kuma idan farashinsu ɗaya ne. Wannan ne ya sa kuskuren yakan daɗe a kamfani ba a gano shi ba. Lokacin da aka tsara rahoton wataƙila rassan kusan girmansu ɗaya, ratar ba ta taka kara ta karya ba. Sai a hankali wani reshe ya bunƙasa ya bar sauran, rahoton kuma yana nan yadda aka tsara shi tun farko. Haka kuma ana iya sanin ɓangaren da kuskuren zai karkata. Idan manyan rassa su ne masu ƙaramin farashi, kamar yadda aka saba gani a harkar sari, matsakaicin matsakaita zai zarce gaskiya. Idan kuwa manyan ne masu tsada, zai gaza ta.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne ga duk wanda ya yi aikin jarrabawa a jami'a. A tsarin maki biyar da jami'o'in Nijeriya da dama suke bi, ɗalibin da ya ɗauki yunit 24 a zango na farko ya sami 3.00, sannan ya ɗauki yunit 16 a zango na biyu ya sami 4.00, ba a cewa sakamakonsa 3.50 ne. Ana tara makinsa, 72 da 64, wato 136, a raba da yunit 40, a sami 3.40. Tsakanin 3.50 da 3.40 kuwa akwai iyakar da ta raba daraja ta biyu babba da daraja ta biyu ƙarama. Jami'in jarrabawa ba zai yarda a yi wa ɗalibi lissafin farko ba, amma irinsa ake yi wa kamfani a rahoton wata ba tare da wani ya ɗaga kai ba.

3.3 Matsakaici a Cikin Manhajoji

Manhajojin jadawalin lissafi sun soma ne da VisiCalc a shekarar 1979, Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983, sannan Excel a 1985. A ɓangaren rumbun bayanai kuwa, E. F. Codd na kamfanin IBM ya gabatar da tsarin jadawalai masu alaƙa da juna a 1970, harshen SQL da aka gina a kansa ya sami daidaitaccen tsari a Amurka a 1986. Daga baya aka sami manhajojin da aikinsu kacokan shi ne haɗa rahoto da zane, irin su Tableau, wadda aka kafa kamfaninta a 2003, da Power BI ta kamfanin Microsoft da aka fitar wa jama'a a 2015. Dukkansu suna da umarnin fitar da matsakaici, kuma dukkansu daidai suke yin sa. Bambancin yana wajen layukan da aka miƙa wa umarnin.

A Excel, umarnin AVERAGE yana tara duk lambobin da aka nuna masa ya raba da yawansu. Ba ya tambayar ko lambobin farashin buhu ɗai-ɗai ne ko matsakaitan rassa. Idan aka ɗora shi a ƙarƙashin layin ƙarshe na Jadawali na 3.1, N70,000 zai bayar. Maganin wannan shi ne a raba jimlar kuɗi da jimlar buhu kai tsaye. Idan kuma rassa ba su aiko da jimlar kuɗi ba, sai adadin buhu da matsakaici, to ana amfani da SUMPRODUCT, wanda yake ninka kowane adadi da matsakaicinsa ya tara su, sannan a raba da jimlar buhu. Idan adadin yana layin B, matsakaicin yana layin C, ana rubuta shi kamar haka: SUMPRODUCT(B2:B4,C2:C4)/SUM(B2:B4).

Jadawalin taƙaitawa mai suna PivotTable, wanda ya shigo Excel a shekarun 1990, nasa halin daban ne. Idan aka ce ya nuna matsakaici, layin jimla na ƙasa ba daga lambobin da ake gani a samansa yake fitowa ba. Komawa yake yi ga asalin layukan da aka ba shi ya sake lissafi daga tushe. Haka ma Power BI take yi, domin ma'aunin da aka rubuta da harshenta na DAX sake lissafa shi ake yi a kowane gurbi, har da gurbin jimla, bisa dukkan layukan da suka shafi wannan gurbi. Tableau ita ma haka take yi idan ba a sauya mata tsari ba, sai dai tana ba da zaɓin a ce ta fitar da jimlar daga lambobin da ke bayyane, wanda shi ne ainihin matsakaicin matsakaita.

A nan wani abin mamaki yake faruwa. Manaja ya karɓi rahoto, ya ga N60,000 da N70,000 da N80,000, a ƙasa kuma ya ga N61,200. Sai ya ɗauko na'urar lissafi ya tara ya raba uku, ya sami N70,000, ya kira mai haɗa rahoto ya ce kwamfuta ta yi kuskure. Idan ma'aikacin bai fahimci lissafin ba, ko kuma yana jin nauyin yi wa shugabansa gardama, sai ya koma ya tilasta wa manhajar ta fitar da N70,000. A ganin mai wannan nazari, wannan ya fi kowane nau'in kuskuren muni, domin an sami amsa daidai an gyara ta ta koma ba daidai ba, kuma kowa ya gamsu.

Sai dai kada a ɗauka cewa komawa ga asalin layuka ya wadatar a kowane hali. Layin rasit shi kansa taƙaitawa ne. A duba waɗannan rasit biyu: na farko buhu 500 a kan N59,000 kowanne, na biyu buhu 2 a kan N75,000 kowanne. Idan aka rubuta AVG(farashi) a SQL, ko aka zaɓi matsakaicin farashi a PivotTable, amsar ita ce N67,000, domin layi biyu manhajar ta gani. Amma buhu 502 aka sayar a kan N29,650,000, wato kimanin N59,064 kowane buhu. Ke nan manhajar ta koma tushe kamar yadda ya kamata, amma tushen da ta tarar rasit ne, tambayar kuwa a kan buhu take. Abin da ya dace a rubuta shi ne SUM(kuɗi)/SUM(buhu). Ƙa'idar ita ce a tara na sama, a tara na ƙasa, sannan a yi rabawa sau ɗaya a ƙarshe.

Wannan ƙa'ida ta fi muhimmanci a wajen kaso cikin ɗari, domin shi ma rabawa ce. A ɗauka kamfani ya yi cinikin N10,000,000 a shinkafa ya ci ribar N500,000, wato kashi 5 cikin ɗari, ya kuma yi cinikin N500,000 a kayan ƙamshi ya ci ribar N150,000, wato kashi 30. Matsakaicin 5 da 30 shi ne 17.5. Ribar gaskiya kuwa N650,000 ce a kan cinikin N10,500,000, wato kimanin kashi 6.2 cikin ɗari. An kusa ninka gaskiya sau uku. A lura kuma cewa nauyin da ya dace a nan kuɗin ciniki ne. Wanda ya yi amfani da yawan kaya a matsayin nauyi, ya haɗa buhun shinkafa da ƙullin kayan ƙamshi, ya fitar da matsakaici mai nauyi amma da nauyin da bai dace ba. A kullum nauyi shi ne abin da aka raba da shi tun farko: buhu ga farashin buhu, ciniki ga kason riba, yunit ga sakamakon ɗalibi.

Akwai kuma batun gurbin da aka bari fayau. AVERAGE a Excel yana tsallake gurbin da ba a rubuta komai a ciki ba, amma yana ƙidaya wanda aka rubuta sifili. AVG a SQL shi ma yana tsallake gurbin da babu ƙima a cikinsa. Idan wani reshe bai buɗe ba a wata rana, akawun da ya rubuta sifili da wanda ya bar gurbin fayau za su haifar da matsakaici daban-daban daga ciniki iri ɗaya. Haka nan watanni ba su da yawan kwana ɗaya, Fabrairu 28 ko 29, Janairu da Maris 31, ga kuma ranakun hutu. Matsakaicin cinikin yini na wata uku idan aka fitar da shi daga matsakaitan watannin zai ɗan kauce, ko da yake ratar a nan ba ta kai ta rassa ba.

3.4 Ma'aunai Masu Taruwa da Marasa Taruwa

Masana rumbun bayanai sun daɗe da tsara wannan al'amari. A wata maƙala da aka buga a shekarar 1997, Jim Gray da abokan aikinsa sun kasa ayyukan taƙaita bayanai gida uku. Kashi na farko su ne waɗanda ake iya fitar da amsar babban rukuni daga amsoshin ƙananan rukunoni kai tsaye, kamar jimla da adadi da lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta. Jimlar kamfani ita ce jimlar jimlolin rassa. Kashi na biyu su ne waɗanda amsar ƙaramin rukuni kaɗai ba ta isa ba, amma idan an ajiye wasu 'yan lambobi tare da ita za a iya. Matsakaici a nan yake, kuma lambobin da yake buƙata biyu ne rak, jimla da adadi. Kashi na uku su ne waɗanda babu wasu 'yan lambobi da za su wadatar, dole sai an koma ga dukkan bayanan. Misalinsu shi ne lambar tsakiyar jeri, wato wadda take tsakiya idan aka jera lambobi daga ƙarama zuwa babba. Ƙidayar abokan ciniki ba tare da maimaici ba ita ma haka take, domin mutum ɗaya yana iya sayayya a rassa biyu, kowane reshe ya ƙidaya shi.

Ralph Kimball, wanda ya wallafa littafinsa kan tsara rumbun bayanai na kasuwanci a 1996, ya kalli abin ta fuskar mai tsara jadawali. Ya bambanta ma'aunai masu taruwa ta kowace fuska, kamar kuɗin ciniki, da masu taruwa ta wata fuska ban da wata, kamar kayan da suka rage a sito, waɗanda ake tarawa tsakanin rassa amma ba a tara na Litinin da na Talata, da kuma waɗanda ba sa taruwa sam, kamar farashi da kaso cikin ɗari. Shawarar da ta fito daga wannan rabe-rabe ita ce a ajiye lambar sama da lambar ƙasa a rumbu, a bar rabawa sai lokacin fitar da rahoto.

3.5 Inda Matsakaici Mai Nauyi Yake Ruɗarwa

Daga bayanan da suka gabata ana iya zaton cewa matsakaici mai nauyi shi ne amsa a kowane lokaci. Abin bai kai nan ba. A koma ga kamfanin shinkafa. A wata na biyu kowane reshe ya ƙara N500 a kan farashinsa, amma yawan abin da suka sayar ya sauya:

Jadawali na 3.2
Reshe na ɗaya: buhu 980, farashi N60,500, kuɗi N59,290,000
Reshe na biyu: buhu 15, farashi N70,500, kuɗi N1,057,500
Reshe na uku: buhu 5, farashi N80,500, kuɗi N402,500

Jimlar kuɗi N60,750,000 ce a kan buhu 1,000, wato N60,750 kowane buhu. A watan farko N61,200 ne. Ke nan kowane reshe ya ƙara farashi, amma matsakaicin kamfani ya ragu da N450. Babu kuskure a lissafin. Abin da ya faru shi ne ciniki ya ƙara karkata ga reshen sari mai araha. Manajan da ya dubi layin jimla kaɗai zai zargi ma'aikatansa da karya farashi, alhali kowannensu ƙari ya yi.

Masana ƙididdiga sun san wannan juyi tun da daɗewa. Udny Yule ya yi bayaninsa a 1903, Edward Simpson ya sake fayyace shi a 1951, kuma da sunan Simpson aka fi sanin sa. Shahararren misalinsa ya fito ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. A shekarar 1973 maza 8,442 suka nemi gurbin karatun gaba da digirin farko aka ɗauki kimanin kashi 44 cikin ɗari, mata 4,321 suka nema aka ɗauki kimanin kashi 35. Da aka bi sashe-sashe, kamar yadda Bickel da Hammel da O'Connell suka wallafa a mujallar Science a 1975, sai aka tarar ratar ba ta bayyana haka a yawancin sassa ba. Mata sun fi neman sassan da suke ɗaukar mutane kaɗan daga cikin masu nema, maza kuwa sun fi neman sassan da shigarsu ta fi sauƙi.

Abin da za a ɗauka daga nan dangane da rahoton kasuwanci shi ne, kafin a zaɓi nauyi sai an tantance tambayar. Idan tambayar ita ce nawa kamfani ya samu a kan kowane buhu, amsar N60,750 ce. Idan kuwa tambayar ita ce shin an ƙara farashi ko an rage, to sai a riƙe nauyin watan farko, wato 90 da 8 da 2, a ɗora shi a kan sabon farashi. Za a sami N54,450 da N5,640 da N1,610, jimla N61,700, wato ƙarin N500 daidai. Wannan dabara ta riƙe nauyin lokacin farko ana danganta ta ga Laspeyres, masanin tattalin arziki na ƙasar Jamus, wanda ya gabatar da ita a 1871, kuma a kan irinta hukumomin ƙididdiga suke gina ma'aunin hauhawar farashin kayan masarufi.

Shi kansa matsakaicin matsakaita yana da inda ya dace. Idan kamfani yana son sanin yadda reshe yake aiki a bisa al'ada, ko yana auna manajojin rassa a matsayinsu na mutane ɗai-ɗai, to reshe shi ne abin ƙidaya, kuma daidai ne a ba kowanne ƙuri'a ɗaya. Don haka ne DAX take da umarnin AVERAGEX, wanda ake iya sa shi ya bi rassa ɗaya bayan ɗaya ya fitar da matsakaicin sakamakonsu da gangan. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta wa lambar sunanta na gaskiya a kan rahoto. N70,000 tana iya zama a ƙarƙashin taken matsakaicin farashin rassa. Ba ta da hurumi a ƙarƙashin taken matsakaicin farashin buhu.

3.6 Abin da Ya Kamata Jadawalin Taƙaitawa Ya Ƙunsa

Mafi yawan wannan matsala a wajen tsara takardar da rassa suke cikewa ake magance ta. Duk inda aka nemi reshe ya aiko da matsakaici, a nemi ya aiko da jimla da adadi tare da shi. Haka kuma a bar layin adadi a bayyane a cikin rahoton da zai je wa manaja. Wanda ya ga 900 da 80 da 20 a gefen farashin ba zai yi mamakin ganin N61,200 a ƙasa ba, domin idonsa zai nuna masa cewa lambar ta kusanci ta reshen da ya fi girma.

Akwai gwaji mai sauƙi da mai binciken kuɗi zai iya yi wa kowane rahoto ba tare da ya buɗe manhajar ba. Ya ninka matsakaicin da aka rubuta a ƙasa da jimlar adadi, ya kwatanta da kuɗin da ke cikin littafin akanta. N61,200 sau 1,000 ya ba da N61,200,000, wanda shi ne kuɗin da ya shigo. N70,000 sau 1,000 ya ba da N70,000,000, ya bar N8,800,000 da babu inda za a same su a banki ko a akwatin kuɗi. Ya kamata kuma a guji ninka adadi da matsakaicin da aka riga aka yanke masa kwabo, domin ɗan abin da aka yanke yana ninkuwa tare da adadin. Inda jimlar kuɗi ta asali take, ita za a ɗauka.

Saura batun tsofaffin rahotanni, waɗanda aka adana matsakaitan rassa kaɗai aka watsar da adadin. Babu wata manhaja da za ta iya dawo da matsakaicin kamfani daga irin wannan takarda. Daga N60,000 da N70,000 da N80,000 kaɗai, iyakar abin da za a iya tabbatarwa shi ne amsar tana tsakanin N60,000 da N80,000. Kamfanin da yake son kwatanta cinikin bana da na waɗancan shekaru sai ya koma ga rasit da littattafan sito na rassa, idan suna nan, ya sake ƙidaya buhunan.